Wadda Ta Nemi Suna Kafin Faɗuwar Rana

"Ga ta nan, ga ta nanku, ta taso da ƙafarta."

"Ta zo mu ji ta, Kaka, mun share mata wuri."

To, ku gyara zama. Ke Marka, cire yatsan nan daga bakinki. Wannan tatsuniya akwai waƙa a cikinta. In na rera, ku amsa mini da cewa, "Rana, dakata kaɗan." Wanda ya yi shiru, gobe shi zai kankare tukunyar tuwo.

A can da, dabbobi suna da garinsu a bakin wani babban kogi, kuma al'adarsu irin tamu ce. In an haihu, ba a sa wa jariri suna sai ya kwana bakwai. Ɗan giwa sai ya kwana bakwai. Ɗan ɓera ma sai ya kwana bakwai. Ba a rage wa kowa, ba a ƙara wa kowa.

Wata rana da asuba, a farkon damina, sai lakar ƙarƙashin kogin ta motsa. Wata 'yar mitsitsiyar halitta ta taso ta hau saman ruwa. Fatar bayanta ta tsage, fikafikai suka fito, sirara kamar ɓawon albasa. Jela uku gare ta, kowace ba ta kai kaurin gashin ido ba. Kuma ba ita kaɗai ba ce. 'Yan'uwanta suna ta tasowa, dubu a kan dubu, har saman kogin ya yi fari fat.

Mene ne sunanta? Yo ai shi ne maganar, Marka. Ba ta da shi. Mu riƙa ce mata Baƙuwa tukuna.

Baƙuwa ta ɗaga kai, sai ga gabas ta yi ja. Wani abu ya leƙo daga bayan ciyayi, ya watsa haske a kan ruwa, ruwan ya kama wuta bai ƙone ba. Ita da ta shekara biyu cikin baƙar laka, ba ta taɓa sanin akwai abin da ake kira haske ba. Ta ce, "Wayyo ni! Ashe haka sama take?"

Sai ta ji murya daga ƙarƙashinta, mai kauri, mai sanyi. Kogi ne yake magana. Ya ce, "'Ya'yana, ku saurara. Shekara biyu na goya ku cikin duhu. Yau ce ranarku. Ku tashi ku ga duniya. Amma kafin rana ta nutse, kowace ta dawo ta zuba ƙwanta a jikina, sannan ta kwanta. Wadda ba ta dawo ba, zuriyarta ta yanke."

Baƙuwa ta ce, "Gobe fa, Baba?"

Kogi ya ce, "Ba ku da gobe, 'yata. Yau ɗin nan ita ce duka."

Ana cikin haka sai wata dorina ta fito da kai daga ruwa, ta ƙwala kira, "Gwanki!" Ga 'ya'yan dorina nan birjik suna wasa, amma guda ɗaya tak ya waiwayo, ya yi iyo ya nufi uwarsa. Abin ya ɗaure wa Baƙuwa kai. Ta ce, "Baba, yaya aka yi ya san da shi ake?"

Kogi ya ce, "Sunansa ke nan. Nasa ne shi kaɗai."

"Ni mene ne nawa?"

Kogi ya ce, "Ba a taɓa sa wa irinku suna ba. Kuna zuwa, kuna tafiya, ba wanda ya san abin da zai kira ku."

Maganar ta soki Baƙuwa. Ta dubi ranar da ke hawa, ta dubi 'yan'uwanta suna ta shawagi, ta ce, "Ni kam ba zan kwanta ba sai an kira ni, ko da sau ɗaya ne." Ta tashi tana waƙa:

Na fito da sanyin safe,
*Rana, dakata kaɗan.*
Zan koma da jan yamma,
*Rana, dakata kaɗan.*
Wa zai kira ni in waiga?
*Rana, dakata kaɗan.*

Yauwa, haka nake so. Amma ku ɗaga murya, ai rana tana da nisa.

Ba ta yi nisa ba sai ta iske Kwaɗo zaune a kan ganyen bado, ciki tulele, ido ƙuru-ƙuru. Ya ji waƙar tun daga nesa, miyau ya riga ya tsinke masa.

Ya ce, "Maraba, maraba da 'yar gidan Kogi! Suna kike nema? Kin zo gidan suna. Duk garin nan ni ke raɗa wa jarirai."

Baƙuwa ta ce, "Da gaske, Kawu?"

"Yo zan yi miki ƙarya ne da girmana? Sai dai suna ba a faɗarsa da ƙarfi, a kunne ake raɗawa. Matso."

Ta matso.

Ya ce, "Kash, muryata ta dishe da sanyin daren jiya. Ƙara matsowa."

Ta ƙara matsowa.

"Saura kaɗan, 'yar albarka. Sauka nan a kan leɓena, ki ji shi da ɗuminsa."

Ya wage baki. Allah ya taimake ta, hasken hantsi ya faɗa cikin bakin, sai ta hangi guntun fiffike a manne da harshensa, siriri, irin nata sak. Ta yi sama fir! Harshen ya wuce ta ƙarƙashinta, ya tafi da jela guda.

Kwaɗo ya ce, "Haba, dawo mana! Ai har na zaɓa miki mai daɗi!"

Ta ce, "Riƙe abinka, Kawu. Na ga inda masu sunan suke kwana."

Ɗan banza, ya cinye mata hantsi a banza. Ta wuce tana waƙa:

Na fito da sanyin safe,
*Rana, dakata kaɗan.*
Zan koma da jan yamma,
*Rana, dakata kaɗan.*
Wa zai kira ni in waiga?
*Rana, dakata kaɗan.*

Rana ta take tsaka ta iso gindin wata kanya. A kan reshe ga Hankaka, sanƙiran garin. Duk sunan da aka raɗa, shi ke hawa sama ya shelanta wa duniya. Bakinsa ba ya hutawa, ko barci yake yana gunaguni.

Ta yi sallama ta ce, "Kawu Hankaka, suna nake nema."

Hankaka ya karkata kai ya dube ta da ido ɗaya. Ya ce, "Af! Ashe ku ne! Ku ne mutanen da suka raina garin nan!"

"Mu? Me muka yi?"

"Me kuka yi? Kowace damina sai mu ga an haife ku cike da kogi. Mu ce madalla, Kogi ya samu ƙaruwa. Mu ƙirga kwana bakwai. Mu sayi goro, mata su toya waina, Ƙaguwa wanzami ya wasa askarsa, ni kuma in gyara maƙogwaro. Mu ɗunguma bakin kogi ranar suna, sai mu tarar wayam! Ko sallama babu. Bara har da rago muka ja. Wannan wace irin tarbiyya ce?"

Baƙuwa ta ce, "Kawu, ba tafiya muke yi ba."

"To ina kuke shiga?"

"Mutuwa muke yi. Ranar da aka haife mu, ranar muke komawa. Ni ma da faɗuwar ranar nan shi ke nan."

Jama'a, Hankaka ya buɗe baki, magana ta ƙi fitowa. Tun da aka ƙyanƙyashe shi ba a taɓa jin shirunsa ba sai ran nan. Ya dubi rana, ya dubi 'yar halittar nan da ba ta kai ƙwayar gero uku ba.

Ya ce, "Innalillahi. Shekara da shekaru muna zagin matattu." Ya share ido da fiffike. "Ni ba na sa suna, 'yata, shela kawai nake yi. Mai sawa shi ne Malam Kunkuru. Hau bayana, fikafikan nan naki ba za su kai ki da wuri ba."

Ta hau, suka tashi. Daga can sama ta ga kogi gaba ɗayansa yana lanƙwasa, ta ga inuwar gajimare tana tafiya a kan gonaki, ta ga inda ƙasa ta ƙare sama ta fara. Kallo kawai take yi.

La'asar ta kawo kai suka sauka a gindin tsamiya, inda Malam Kunkuru yake. Shekararsa ɗari uku. Duk wanda ke garin, shi ya sa masa suna, shi ya sa wa ubansa, shi ya sa wa kakansa. Kuma shi mutum ne da ba a yi masa gaggawa.

Ya fito da kai a hankali. Ya ce, "Maraba da baƙi. Hankaka, ina wuni?"

"Lafiya lau, Malam. Malam, wata magana ce ta..."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya. Malam, yarinyar nan..."

"Yaya iyali? Yaya mai ɗakin naka da ciwon ƙafarta? Yaya ruwa a wajenku?"

Hankaka yana amsawa yana tsalle a wuri ɗaya, inuwar tsamiya kuwa sai ƙara tsawo take yi. Da ya gama da Hankaka, sai ya juyo ga Baƙuwa. Ya ce, "Ke kuma 'yan mata, kin kwana lafiya?"

Ta ce, "Malam, ban taɓa kwana ba."

Nan Hankaka ya kwashe labari duka ya faɗa masa. Kunkuru ya saurara ido a lumshe. Da aka gama ya ce, "Allah sarki. Abin da tausayi. Amma al'ada ce, tun kaka da kakanni. Sai an kwana bakwai."

Baƙuwa ta ce, "Don me sai bakwai, Malam?"

Ba a taɓa yi masa wannan tambaya ba. Ya yi ɗan tari. Ya ce, "Don jariri ya ga duniya tukuna, duniya ma ta gan shi. Ke da kika zo ɗazu, me kika gani?"

Ta ce, "Na ga ɗigon raɓa a bakin ciyawa, rana duka tana cikinsa, har da ni a gefenta."

Kunkuru ya ce, "Raɓa? Kullum ina taka ta. Ban taɓa leƙa cikinta ba. Sai me?"

"Na ga baƙin Kawu Hankaka ba baƙi ba ne. In haske ya bugi gashinsa, akwai kore a ciki, akwai shuɗi, suna gudu suna komawa."

Hankaka ya ɗaga fiffike ya duba. Ya ce, "Kai! Ni ɗin?"

Kunkuru ya ƙara miƙo wuya. Ya ce, "Sai me kuma?"

Ta ce, "Na ga bayanka, Malam, da muna saukowa. Ɗakuna goma sha uku ne a zane, kowane da zobe cikin zobe cikin zobe. A tsagin na tsakiya ƙasa ta taru, wata 'yar ciyawa ta tsiro, ta yi fure rawaya. Yau ya buɗe. Kana yawo da fure a bayanka."

Shekara ɗari uku tsohon nan yana ɗauke da ƙoƙon bayansa, bai taɓa ganinsa ba, kuma ba wanda ya taɓa tsayawa ya gaya masa. Sai ga hawaye yana bin tsagin fuskarsa.

Ya ce, "Na ci kwanakin da ba su ƙirguwa. In aka ce in ware guda ɗaya daga ciki, ba zan iya ba, duk sun cakuɗe. Ke kuwa naki guda ɗaya ne, kin gan shi tun daga kai har ƙafa. Wallahi kin ga duniya. Zan sa miki suna."

Hankaka ya yi tsalle ya ce, "To faɗi, Malam, faɗi!"

Kunkuru ya ce, "Suna ba a tsintarsa a bakin hanya. Sai na shiga na nemo." Ya janye kai, ya janye ƙafafu, ya shige cikin ƙoƙonsa. Haka yake yi wa kowa, ko ɗan sarki ne. A cikin duhun nan yake zama har sunan ya zo masa.

Baƙuwa ta sauka kusa da furen, tana jira. Rana ta sauko kan tsamiya. Tana jira. Rana ta sauko kan kanya. Tana jira. Rana ta yi ja, ta sauko daidai kan ciyayin bakin kogi. Fikafikanta suka fara nauyi, ƙwai kuma ya cika mata ciki.

Hankaka ya ƙwanƙwasa ƙoƙon da baki. "Malam! Malam!" Ko motsi.

Baƙuwa ta dubi yamma. In ta tsaya, za ta ji sunanta, amma ƙwanta ya mutu a cikinta a kan busasshiyar ƙasa. In ta tafi, 'ya'yanta za su rayu, ita kuwa ta koma yadda ta zo. Ta yi kuka, yara, kuka mai cin rai, don ta so sunan nan kamar me. Sannan ta share ido.

Ta ce, "Kawu Hankaka, zan tafi."

"Haba 'yata, saura ƙiris! Ko in kai ki in dawo?"

"A'a, ka zauna. In ya fito bai ga kowa ba, sunan zai faɗi a ƙasa. Ka karɓa ka ajiye wa 'ya'yana. Ka gaya musu uwarsu ce ta roƙa."

Ta tashi da ƙyar, tana tangaɗi a iska, ta nufi kogi. Muryarta ta yi ƙasa sosai, amma ba ta bar waƙar ba. Ku taya ta, ku taya ta da ƙarfi:

Na fito da sanyin safe,
*Rana, dakata kaɗan!*
Ga ni zan koma gida,
*Rana, dakata kaɗan!*
Ba wanda ya kira ni,
*Rana, dakata kaɗan!*

Ta isa kogi. Saman ruwa ya cika da 'yan'uwanta, suna hawa suna sauka cikin jan haske, kamar an watsa auduga a iska. Dorina ta daina cin ciyawa tana kallo. Kifaye suka jeru. Kwaɗo ma, ɗan banzan nan, bakinsa a buɗe yake amma ya manta da abin da ake yi da shi. Baƙuwa ta sauka, ta zuba ƙwanta, Kogi ya karɓa ya kai laka. Ta shimfiɗa fikafikanta a kan ruwa, ruwa ya fara tafiya da ita.

A daidai lokacin Kunkuru ya fito da kai. Ya ce, "Na samo. Ina take?"

Hankaka ya ce, "Ta tafi, Malam. Ta zaɓi 'ya'yanta."

Kunkuru ya dubi kogi, ya dubi ƙafafunsa. Tafiyar kwana biyu ce a wurinsa. A al'ada kuwa, mai suna shi ke fara jin sunansa a kunne, kafin sanƙira. Tsohon ya ce, "Yau na karya guda, bari in karya ta biyu. Kawo kunnenka." Ya raɗa masa.

Hankaka ya tashi. Bai taɓa gudu irin na ran nan ba. Rana kuwa rabinta ya riga ya shiga ruwa. To a nan ne abin mamaki ya faru. Ranar nan da ba ta taɓa jiran sarki ba, ba ta taɓa jiran mai gona ba, sai ta tsaya cak a bakin ruwa, jawur, ba ta gaba ba ta baya. Ku kuka roƙe ta, ai ta ji ku. Iska ta tsaya. Kogi ma ya rage gudu.

Hankaka ya iso tsakiyar kogi, ya cika ƙirji, ya ƙwala da duk ƙarfin da Allah ya ba shi:

"Jama'a, ku saurara! An raɗa suna! Sunan yarinya Yini-Guda! Yini-Guda! Allah ya..."

Ya saba cewa Allah ya raya. Amma yau addu'ar ba ta da wurin zama. Ya haɗiye ta, ya sake kira a hankali, "Yini-Guda?"

Dubu a kan dubu suna kwance a kan ruwa, duk iri ɗaya. Can wajen wata kwana, sai guda ɗaya mai jela biyu ta ɗaga kai.

Ta ce, "Na'am."

Sannan rana ta nutse.

Sau ɗaya aka kira ta a duniya, sau ɗaya ta amsa. Marka, share hawayenki da zane, ba da hannun miya ba. Ni ma duk ranar da na ba da wannan tatsuniya sai na yi ƙwalla.

Tun daga ran nan zuriyarta suke amsa wannan suna a garin dabbobi, kuma duk abin da bai daɗe ba, furen safe ne, bakan gizo ne, kumfar ruwa ce, sai su ce ai ɗan gidan Yini-Guda ne. Ɗan ƙanena da ya yi karatun boko ya ce mini Turawa ma suna da kalma irin wannan, wai daga Girkawa suka aro ta, ma'anarta abin yini ɗaya. Da ita suke kiran ƙwaron, da ita suke kiran duk abin da ke wucewa da wuri. Ya faɗa mini ita har sau uku, ta fi ƙarfin bakin da ba haƙora. Ni dai na ce masa ihun Hankaka ne ya tsallaka teku.

Abin da nake so ku riƙe shi ne wannan. In kuna da wata kyakkyawar magana da za ku gaya wa mutum, ku gaya masa yau yana ji. Kada ku ce sai an kwana bakwai, don ba kowa aka ba bakwai ɗin ba.

Ƙurunƙus! Ta naɗe tabarmarta ta koma inda ta fito. Wanda bai yarda ba, ya je bakin kogi farkon damina ya tambayi Hankaka.